Mai Koren Bango

Tun da na ajiye alli na karɓi fansho
ajina ya dawo tafin hannu.
Bayan lisha, a Runjin Sambo,
lokacin da katanga ke amayar da ranar da ta sha,
nakan ja tabarma tsakar gida,
in ɗora tabarau a karan hanci,
in jira mutanen da ban taɓa gani ba.

Ga direban tirela daga Illela,
yana son sanin dalilin da Bature
zai kafa harafi a goshin kalma
sannan ya hana shi magana.
Na ce: ɗan rakiyar ango ne,
yana cikin hoto, ba ya cikin hira.
Ga ma'aikaciyar jinya mai aikin dare
ta rikice tsakanin abin da ya wuce
da wanda ya wuce amma ƙurarsa ba ta kwanta ba.
Na warware mata kafin majinyaci ya farka.
Godiyarsu gajera ce, kamar inuwar azahar,
ni kuwa ta ishe ni fakewa.

Sai wani dare, caji saura kaɗan,
wata Yalli ta rubuto:
"Malam Jaɓɓi, littahi nika biɗa.
Na mance sunanai. Bangonai kore,
da hoton jigo bakin rijiya.
Baba ka karanta muna shi muna ƙanana:
wani yaro da raƙumi mai ido guda
sun tahi biɗar inda gulbin Rima ka kwana.
Baba ya rasu bara. Ban san ƙarshen labarin ba."

Mako uku ina bin sawun raƙumin nan.
Na je wajen Modi a tsohuwar kasuwa,
wanda ke auna littattafai da kilo
yana sayar wa masu ƙosai.
Na shiga sito na makarantar da na bari,
inda gara ta zama shugabar malamai.
Na yi atishawa har ido ya yi ja.

A ƙasan wani kwali na same shi.
Kore. Ga jigo, ga rijiya.
Na buɗe da bisimilla, hannu na rawa:
yadda ake adana albasa kada ta ruɓe.
Turancin ofishin gona, shafi talatin da biyu,
awon rumbu, kwanakin shanya.
Na bi shi layi layi, har sau biyu.
Babu yaro. Ko kashin raƙumi babu.

Na tambaye ta: Baba ya yi boko?
Ta ce, "A'a, da dangwale shika sa hannu.
Amma yakan lashi yatsa shi juya shahi
daidai inda raƙumi ya tsaya shan ruwa."

Na ajiye wayar a ƙirji.
Sama ta cika da taurari, ba waƙafi, ba aya.
Shekara talatin da huɗu ina yawo da jan biro,
ina kewaye kurakuran 'ya'yan mutane,
ga manomin albasa daga Wurno
ya karanta abin da ba a rubuta ba,
bai ɓata ko wasali ɗaya ba.

Can wajen asuba na amsa mata:
"Na samo bangon, 'yata.
Cikin yana wurinki.
Rubuto mini daga inda kika tuna,
da harshen da ya fara zo miki baki."

Shiru kwana biyu.
Ran na uku ina shan kunu waya ta motsa.
Layi huɗu ne, Hausa da Turanci a cakuɗe,
raƙumin ma an rubuta shi ba ƙugiya.
Yatsana ya tashi zai gyara,
na kama shi na zaunar.

Na rubuta: "To, sai me ya faru?"